Bashi bayan mutuwar aure a Sakkwato: sulhu, gaban alƙali, ko kotun karayar arziki?

Aure yakan mutu ya bar bashin da aka ci dominsa da ransa. Wani bai gama biyan kuɗin lefe ba takardar saki ta fita. Wata da sunanta aka karɓo rance a ƙaramin banki aka zuba a shagon miji, yau tana gidan iyayenta, ma'aikatan banki kuma ita suke yi wa sallama. Ga ciyar da yara, ga tukunya ta zama biyu, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A irin wannan hali ne mutum kan ci karo da labarin yadda ake yi a Amurka: ka je kotu ka ce ka karye, cikin 'yan watanni a sauke maka yawancin bashin. Sai ya fara tambaya ko a nan ma akwai wannan ƙofa.

Akwai ta, tun 1979. Sai dai a ganina ita ce ƙofar ƙarshe ga mafi yawan mutanen Sakkwato, kuma akwai wasu huɗu ko biyar da ya kamata a ƙwanƙwasa kafin a kai gare ta.

A fara tantance bashin

Tambayar farko: bashin wa ne? A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗa dukiya. Abin miji nasa ne, abin mata nata ne, haka ma bashi. Mai bin tsohon mijinki kuɗi ba shi da hurumin taɓa kayan ɗakinki ko gwal ɗinki, sai in kin sa hannu kin tsaya masa. Banki kuwa sunan da ke kan takarda yake bi, ba ruwansa da aljihun da kuɗin suka shiga. Idan da sunanki aka karɓa, ke za a nema, sannan ke ki nemi haƙƙinki wajensa a gaban alƙali. Ki adana saƙon tura kuɗi, ki tuna waɗanda suka san zancen. A mazhabar Malikiyya, kan maganar dukiya, ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, don haka rashin shaidu biyu bai rufe miki hanya ba.

Na biyu, haƙƙoƙin da auren kansa ya bari. Ragowar sadaki bashi ne cikakke. Ciyarwa da wurin zama a lokacin idda suna kan miji in saki ne mai kome, mai ciki kuwa har ta haihu. Renon yara a Malikiyya yana hannun uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare, matuƙar wani dalili kamar sabon aure bai gitta ba, kuma uba ne ke ciyarwa gwargwadon halinsa. Wannan ba bashin da kotu ke sharewa ba ne. Ko a Amurkan da ake kwatance da ita, karayar arziki ba ta sauke kuɗin ciyar da 'ya'ya.

Matar da ke shirin cin bashi don ta mayar da sadaki a yi khul'i ta dakata ta yi tambaya. Idan za ta iya tabbatar da cutarwa, alƙalin Malikiyya yana da ikon raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Mata da yawa sun shiga bashi kan abin da ba wajibinsu ba ne. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, dokar shari'ar aure ta tarayya ta 1970 ce ke kansu, kuma Babbar Kotun Jiha ce ke duba rabon kadara da ciyarwa.

Na uku, a ware bashi mai jingina da marar jingina, mai ruwa da marar ruwa. Na ɗan'uwa yana jira. Na manhajar waya yana hayayyafa kullum.

Ma'aunin da za a auna da shi

Abu biyar ne. Nawa hanyar za ta ci kafin ta yi amfani. Shin tana kashe bashin ne ko ɗaga shi kawai take yi. Sauƙinta da tsawon lokacinta. Abin da za a iya rasawa: kadara, aiki, suna a kasuwa. Sai kuma na biyar, wanda lauya ba zai kawo maka ba amma kai ka san yana ranka: ko bayan an gama, haƙƙin mutane ya sauka daga wuyanka. Hadisi ya zo cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Mutumin da ya tashi da wannan karatu, takardar kotu kaɗai ba ta isa ta sa shi barci ba.

Sulhu a rubuce

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutane na ɗauka sulhu shi ne ka ce "a yi haƙuri, in sha Allahu ƙarshen wata", ƙarshen wata ya zo ka kashe waya. Wannan jan rai ne, kuma shi ke kai mutum caji ofis.

Sulhun da ke aiki yana farawa da takarda ɗaya: sunan kowane mai bi, abin da yake bi, abin da kake samu a wata, abin da yara ke ci. Sai ka nemi mai ƙima ya raka ka, limamin unguwa, mai unguwa, ƙanen mahaifi, ko shugaban layinku in a Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa kake. Hisba ma na zaman sasanci. Maganar ba ta da tsawo: "Alhaji, ban zo musun haƙƙinka ba. Ga abin da ke hannuna, ga abin da nake samu. Ka duba mini." Abin da za ka roƙa uku ne, ko wa'adi, ko biya kashi-kashi, ko rangwame in ka kawo wani abu a dunƙule. Rangwamen nan ba abin kunya ba ne, yana da asali. Lokacin da Ka'abu ɗan Malik ya matsa wa wanda yake bi a masallaci har muryoyi suka tashi, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya ce da ɗayan ya tashi ya biya sauran. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɗan kasuwar da ya daɗe a harka ya san rabin da ya shigo hannu ya fi cikakken da ke bakin kotu.

Duk abin da aka cimma a rubuta, da shaidu da kwanan wata, a fayyace cewa abin da aka yafe an yafe. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu a nan sai a ce rubutu rashin yarda ne. Ranar da mai yafiyar ya rasu, magada suka buɗe littafinsa suka ga sunanka da cikakken adadi, ranar za ka san amfanin takarda.

Da banki salon daban ne. Wasiƙa ake rubutawa, a nemi a sake tsara biya, a tsawaita wa'adi, a cire tarar jinkiri. Bankuna kan yarda su rage wani abu na ruwa da tara ga wanda ya zo da kuɗi a dunƙule, domin shari'a su ma tana cin su. Kar ka yi tunanin sauya banki zai ɓoye ka. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗi daga asusunka na wasu bankuna ta lambar BVN. Uwar kuɗi da ruwa tsarin ya shafa, ban da tara, don haka in an cire fiye da haka kana da bakin ƙorafi: ka fara da bankin, in wa'adin da ƙa'ida ta ba shi ya wuce ba a warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ranar da ka gama biya kuma kar ka fita sai da takardar shaidar cewa ba a bin ka, domin kamfanonin tattara bayanan masu bashi, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu, suna riƙe da sunanka.

Haɗarin sulhu biyu ne. Na ɗaya, alkawarin da ya fi ƙarfinka. In dubu 20 za ka iya a wata, kar kunya ta sa ka ce 50. Na biyu, cek. Kar ka ba da cek na kwanan gaba kana fatan kuɗi za su shigo. Bashi ba laifi ba ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya. Amma cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Da hannunka za ka mayar da maganar kuɗi ta koma ta gidan yari.

Sayar da kadara da hannunka

Wannan tana tafiya tare da sulhu, ita ke ba shi ƙarfi. Bambancin farashi tsakanin abin da ka sayar a natse da abin da ma'aikatan kotu suka yi gwanjonsa ba ƙarami ba ne. Kuɗin da take ci la'adar dillali ce da ɗan ragin gaggawa. Ɗorewarta kuwa ba ta da na biyu, bashin da aka biya ya mutu.

Abin da ake fara ɗagawa shi ne wanda ba ya kawo komai: filin da aka saya a bayan gari ana jiran ya yi daraja, babur na biyu, babbar waya, gwal ɗin ajiya. Abin da ake bari har ƙarshe shi ne abin neman abinci, Keke Napep, keken ɗinki, firiza, shanun huɗa. Wanda ya sayar da waɗannan ya biya bashin bana, ya buɗe na baɗi. Lokaci ma kuɗi ne. Ragon da aka kai kasuwar Kara gab da Layya ba farashinsa ɗaya da na bayan Sallah ba, albasar da aka sayar a kakarta ba ɗaya take da wadda aka adana ba. In wata biyu za su ƙara maka wani abin kirki, ka roƙi wata biyun a cikin sulhu, ka faɗi dalili. Fili mai takardar mallaka ta gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna kafin a sauya suna, bisa Dokar Filaye ta 1978, don haka ba cinikin mako ɗaya ba ne. Gidan gado da ba a raba ba kuwa, ba naka ba ne kai kaɗai, taɓa shi sabuwar shari'a ce.

Abu ɗaya da ake yawan ba da shawararsa a majalisa kuma yake da haɗari: "Ka mayar da filin da sunan ƙanenka." Malikiyya ta ba masu bi damar hana kyautar wanda bashi ya cinye dukiyarsa, da hana shi ɗaukar duk abin da ke hannunsa ya ba mutum ɗaya ya bar saura. Dokar tarayya ma tana warware irin wannan ciniki. Ka sayar a fili, ka raba da sanin kowa.

Gaban alƙali

Ga bashin da ke tsakanin Musulmi biyu, ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, uwar adashi da mai zubi, tsohuwar mata da tsohon miji, nan ne maganar ke ƙarewa in sulhu ya ƙi. Kotunan shari'ar Musulunci na jihar, waɗanda aka faɗaɗa huruminsu a shekarar 2000, suna kusa, ana magana da Hausa, kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya.

Fiƙihun Malikiyya ya kasa waɗanda ake bi gida uku. Akwai mai hali da ke taurin bashi, shi ana tilasta masa, har da tsarewa, domin jinkirin mawadaci zalunci ne kamar yadda hadisi ya faɗa. Akwai wanda ba a san halinsa ba, ana iya tsare shi ko a nemi mai tsaya masa har gaskiya ta bayyana. Sai wanda rashinsa ya tabbata da shaidu da rantsuwa. Shi ba a ɗaure shi, aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. Saboda haka wanda sammaci ya zo masa, babban kuskurensa shi ne ƙin zuwa. Ka je da shaidun da suka san cikinka da wajenka, da takardar albashi, da lissafin abin da yara ke ci. Abin da aka fi gani shi ne alƙali ya yanka biya kashi-kashi daidai ƙarfin mutum.

Idan bashi ya fi dukiya kuma masu bi suka nema, akwai babin taflisi. Alƙali ya hana mutum taɓa dukiyarsa, a sayar, a raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa ke bi. In bashi miliyan 2 ne, abin da aka samu dubu 500, kowa zai tashi da rubu'in haƙƙinsa. Wanda ya tarar da kayansa suna nan yadda ya sayar da su, ya fi kowa cancantar ɗaukar abinsa. Ana bar wa mutum tufafinsa da abincinsa da na waɗanda ciyar da su ke kansa. Amma a san abu biyu masu ɗaci: a Malikiyya gidan zama ma ana sayarwa, kuma bashin da wa'adinsa bai yi ba yana zama na yanzu da zarar an yi hukuncin.

Ragowar bashin ba ya mutuwa. Masu bi za su ɗaga maka ƙafa, amma ranar da Allah ya buɗa, haƙƙinsu na nan. Wannan hanya numfashi take bayarwa, ba shara ba. Kuma ba ta kai wa ga banki, shi a babbar kotu yake shari'arsa.

Karayar arziki a Babbar Kotun Tarayya

Tsarin Mulkin 1999, sashe na 251, ya keɓe wannan shari'a ga Babbar Kotun Tarayya kaɗai, kuma tana da reshe a Sakkwato. Dokar ta 1979 ce, an yi mata gyara a 1992. Tsufanta ya fito a lambobinta: mafi ƙarancin bashin da mai bi zai shigar da ƙara a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da yau ba su kai na cefanen yini ba.

Mai bi na iya kai ka, kai ma kana iya kai kanka ka bayyana cewa ka gaza biya. Kotu ta ba da umarnin karɓe dukiya, jami'inta ya riƙe, ka kawo cikakken lissafin abin da ka mallaka da abin da ake bin ka bisa rantsuwa, a yi maka tambayoyi a bainar jama'a, a buga sunanka a jaridar gwamnati. Idan masu bi ba su karɓi tayin sasanci ba, a ayyana ka karyayye, amintaccen da aka naɗa ya riƙe dukiyar ya sayar da kadara ya raba. Abin da ake bar maka kayan sana'a ne da tufafi da shimfiɗa, su ma da iyaka.

Amfaninta na gaske biyu ne, kuma babu wata hanyar da ke da su. Masu bi marasa jingina ba za su ci gaba da jan ka kotu-kotu ba sai da izinin wannan kotun. Sannan in an sallame ka, doka ta sauke maka ragowar yawancin bashin. Sai dai sallamar ba ta watanni ba ce, ana maganar shekaru, dokar ta ambaci 5.

A tsawon wannan lokaci, dukiyar da ta shigo maka ta masu bi ce. Wannan ya haɗa da gado. Mutumin da mahaifinsa ke da gida a Ƙofar Marke ko gona a Wurno ya tsaya ya yi tunani a nan. Wanda ba a sallama ba, Tsarin Mulki ya hana shi takarar majalisa ko gwamna, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana shi zama darakta, kuma laifi ne ya karɓi bashi bai faɗi matsayinsa ba. Ma'aikaci kuwa ya fi kowa shiga haɗari, domin ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa karayar arziki cikin manyan laifuffukan aiki. A garin da albashi ke riƙe da gidaje da yawa, wannan kaɗai ya isa a dakata. Bankin da ke riƙe da takardun gidanka a jingina, haƙƙinsa kan gidan na nan daram. Da wuya kuma a yi ta ba lauya, ga kuɗin kotu, ga ɗawainiyar amintacce da ake cirewa daga dukiyar kafin masu bi su ga komai. Ga mai bashin miliyan ɗaya ko biyu, lissafin ba ya fita.

Sai ma'auni na biyar. Kotu na iya hana Alhaji bin ka, amma ba ta iya yafewa a madadinsa. Wanda ya bi wannan hanya, in ya samu daga baya, zai koma ya nemi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ko ya biya ko su yafe.

Zakka da gudummawar dangi

Masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba zakka, da sharaɗin ba a saɓo aka ci bashin ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato na nan, attajiran unguwa ma na fitarwa, musamman gab da azumi. Ba ta cin komai sai zirga-zirga da haɗiye kunya, kuma abin da ta biya ya biyu. Matsalarta masu nema sun fi abin rabawa, ba a gina lissafi a kanta. Ta fi amfani a matsayin ciko: an yi sulhu, an rage, saura dubu 80, a je da takardar sulhun a hannu. Mai bayarwa ya fi sakin jiki in ya ga kuɗinsa za su rufe magana gaba ɗaya.

Rance kan rance

Ba zan daɗe a nan ba. Manhajojin bashi na waya wa'adinsu gajere ne, ruwansu mai nauyi, kuma wasunsu kan bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, abin da ya sa hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta fito musu da ƙa'idojin rajista a 2022. Bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da TAJ, yawanci kaya suke saya su sayar maka, ba tsabar biyan tsohon bashi suke bayarwa ba. Rancen da ya cancanci a karɓa ɗaya ne: marar ruwa, daga ɗan'uwa ko ƙungiyar ma'aikata, don a kashe mai ruwa. Adashi ma na iya yin wannan aiki in aka ba ka kwasar farko kuma zubin bai fi ƙarfinka ba.

| Hanya | Kuɗin da take ci | Sauƙi da lokaci | Ragowar bashi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Sulhu a rubuce | Kusan babu | Kwanaki zuwa makonni | Yana raguwa ko a yafe | Saɓa alkawari, cek marar kuɗi |
| Sayar da kadara | La'ada da ragin gaggawa | Makonni zuwa watanni | Abin da aka biya ya mutu | Sayar da abin neman abinci |
| Gaban alƙali | Kaɗan | Kusa, da Hausa | Yana nan sai an samu | Tsarewa in ba a tabbatar da rashi ba, sayar da gida |
| Kotun tarayya | Mai yawa | Da wuya ba lauya, shekaru | Doka ta sauke yawancinsa | Aiki, gado, suna |
| Zakka da dangi | Babu | Ba tabbas | Abin da aka biya ya mutu | Dogon jira |
| Sabon rance mai ruwa | Mafi tsada | Nan take | Yana ƙaruwa | Tozarci, nutsewa |

Misali da lissafi

A ɗauka malamin makaranta ne a Mabera, albashinsa dubu 120, yara uku suna wajen uwarsu. Ana bin sa miliyan 1.8: banki dubu 900, mai shagon kayan abinci dubu 400, adashi dubu 200, manhajar waya dubu 200, ragowar sadaki dubu 100. Yana da fili da zai yi miliyan 1. In ya tafi kotun tarayya, filin zai tafi, wani kaso ya tafi ga ɗawainiya, aikinsa ya shiga garari. In ya tara masu bi ya sayar da filin da saninsu, zai kashe na manhaja, ya biya sadaki da adashi, ya ba mai shago dubu 300 ya roƙi yafiyar 100, ya kai wa banki dubu 200. Saura dubu 700 wuri ɗaya. A dubu 30 duk wata, kusan shekara 2 ke nan, ban da ruwan da zai roƙa a rage. Masu bi biyar sun koma ɗaya, albashi na nan, abincin yara bai tsaya ba.

Wa ya dace da wace

Ma'aikaci mai albashi wanda banki ke bi: wasiƙar sake tsara biya, da sayar da abin da ba ya kawo komai. Ya nisanci kotun tarayya iyakar iyawarsa.

Ɗan kasuwa da 'yan'uwansa 'yan kasuwa ke bi: sulhu ta hannun shugabannin kasuwa, a zama ɗaya da kowa da kowa, domin kar wani ya ji an fifita wani. In ɗaya ya ƙi, a bar shi ya kai gaban alƙali, a je da takardar da sauran suka sa wa hannu.

Matar da aka ci bashi da sunanta: ta ci gaba da magana da bankin kar tara ta taru, ta shigar da ƙarar neman kuɗinta da na ciyar da yara a lokaci guda. Kar ta fara da sayar da keken ɗinkinta. In ba ta da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Wanda ya tsaya wa wani, ko tsohon suruki ne: takardar da ya sa wa hannu ba ta mutu da auren ba. Ya shiga zaman sulhun tun da wuri, domin in na gaba ya gaza shi za a juyo.

Wanda bashinsa ya kai miliyoyi masu yawa, na bankuna da kamfanoni, an riga an yanke masa hukunci a kotu fiye da ɗaya, ba albashin gwamnati, ba gadon da yake jira: shi ne kotun tarayya za ta iya yi wa rana. Ya zauna da lauyan da ya san wannan fanni, ya fara tambayarsa batun tayin sasanci da dokar ta tanada kafin a kai ga ayyana shi karyayye.

Wanda ba fili, ba albashi, ba jari: babu abin da kotun tarayya za ta raba, babu kuma kuɗin shigarta. Ya amsa sammaci, ya kai shaidu biyu da suka san halinsa, ya nemi a rubuta masa jinkiri, sannan ya ɗauki kwafin hukuncin ya kai ofishin zakka.